Me ya sa kuɗin yaran Sudan ba ya taruwa a masallatanmu?

Abu Hafsa, Jekadafari:
Assalamu alaikum jama'ar grup. Ina da magana, don Allah kar kowa ya ɗauka da shi nake. Juma'ar da ta wuce kwamitinmu ya shimfiɗa darduma a ƙofar masallaci don taimakon yaran Sudan, liman ya yi sanarwa kafin huɗuba, amma abin da aka tara ko kusa bai kai wanda muka samu lokacin gyaran janareta ba, kuma mutanen nan dai su ne ba wasu aka sauya ba. Tun 15 ga Afrilun 2023 ake yaƙin nan tsakanin sojojin Burhan da dakarun RSF na Hemeti, mutum sama da miliyan 10 sun bar gidajensu, a watan Agustan 2024 aka tabbatar da yunwa a sansanin Zamzam kusa da El-Fasher, garin kansa ya sha ƙawanya fiye da shekara kafin ya faɗa hannun RSF a Oktoban 2025. Duk yara ne kan gaba wajen mutuwa. Tambayata, ta wace hanya ake taɓa zuciyar mai imani har ya damu da yaron da bai taɓa gani ba? Don ni dai dabarata ta ƙare.

Baban Ummi, Tudun Hatsi:
Wa alaikumus salam. Malam Abu Hafsa ni zan faɗa maka gaskiya ko za ta yi ɗaci, ni ina cikin waɗanda suka tsallake dardumar nan ban saka ko sisi ba kuma ban ji kunya ba. Ka zo rumfata da safe ka ga yaran da ke tsintar ƙwayar masara a ƙasa bayan an sauke buhuna, almajirai ne da 'ya'yan mutanen da suka gudo daga Borno da Yobe shekara da shekaru har yau ba su koma ba, tun da aka cire tallafin mai a 2023 magidanci ya zo ya tsaya yana tambayar kuɗin mudu sai ya juya ba ya ko cewa a rage. To in bar waɗannan in tura kuɗi Sudan? Hausawa sun ce sai gida ya ƙoshi ake kai wa dawa.

Maman Khadija:
Baban Ummi ina wuni, ya kasuwa. Ni ma'aikaciyar jinya ce kun sani, kuma abin da ka faɗa ba ƙarya, yaran da ake kawo mana masu tamowa ba daga wata ƙasa suke zuwa ba, daga ƙauyukan nan namu ne. Akwai ɗan zaren awo da muke ɗaura wa yaro a damtse, in ya sauka ƙasa da santimita 11 da rabi ya shiga ja kenan, wani kuma ba ramewa zai yi ba kumbura zai yi, ka danna ƙafarsa yatsanka ya bar rami, gashi ya yi ja ya yi laushi, uwar ma tana murna wai ya yi ƙiba. Makwabtanmu na Bauchi har sai da likitocin na-gari-na-kowa wato MSF suka zo suna aiki a Kafin Madaki saboda yawan irin yaran nan. Amma abin da nake so ka duba, su waɗannan likitocin da wannan abincin leda mai gyaɗa da madara da muke ba yaran, kuɗin wa ne? Mutanen wasu ƙasashe ne da ba su san inda ƙaramar hukumar Ganjuwa mai Kafin Madakin take ba suka cire daga aljihunsu. Da su ma sun ce sai gida ya ƙoshi da yanzu muna ina.

Baban Ummi, Tudun Hatsi:
Su ai gidan nasu ya ƙoshi ne Hajiya.

Maman Khadija:
Hmm. Ba duka ba, amma na ji.

Ɗan Pantami:
Ni kam bari in jefa tawa, kar a ce yaro ya yi rashin kunya a gaban manya. Ba talauci ne ya hana mutane bayarwa ba. Lokacin da aka fara ruwan bama-bamai a Gaza bayan 7 ga Oktoban 2023 wane masallaci ne bai yi alƙunutu ba a garin nan? Kowa ya sauya hoton wayarsa, har masu kanti suka riƙa cewa sun daina sayar da kaza da kaza. Kuma daidai ne wallahi, yaran Gaza sun ga abin da bai kamata ɗan Adam ya gani ba, har yunwa aka tabbatar a birnin Gaza a Agustan 2025. Amma Sudan fa? Shiru. Dalilin kuwa a ganina shi ne a Gaza mun san wanda za mu tsine wa, a Sudan mai harbin yana salla wanda ake harbin yana salla, sai bakinmu ya mutu. Ana ta zargin Daular Larabawa da taimakon RSF su kuma suna musantawa, ga maganar zinariya a ciki, to wa zai hau mumbari ya buɗe wannan? Kenan fushi ne yake tura mu ba tausayi ba, in babu wanda za mu yi fushi da shi sai yaron ya zama ba shi da mai kuka masa. Haka Yemen ma, tun 2015 ake ruwan wuta ga kwalara ga yunwa, sau nawa muka tara musu kuɗi?

Abu Hafsa, Jekadafari:
Kai yaron nan ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Amma a bi a hankali da sunayen ƙasashe, grup ne na unguwa ba majalisa ba.

Anti Rahila, Kaltungo:
Sannunku da hira, na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Mu ma a coci matsalar ɗaya ce sak. In aka ce baiko don ginin majami'a ko sayen kayan kiɗa sai ka ga an cika kwando, in aka ce don yaran Sudan ta Kudu ko Kwango sai kowa ya sunkuyar da kai yana duba takalminsa. Kuma abin da Ɗan Pantami ya faɗa mu ma yana kanmu, in aka ce Kiristoci ake tsananta wa nan da nan jini ya hau, in aka ce yara ne kawai ke mutuwa da yunwa ba a faɗi addininsu ba sai jiki ya yi sanyi. Alhali a Littafi Mai Tsarki ikilisiyoyin Makidoniya da Bulus ya yaba wa talakawa ne tilis, su suka roƙa a bar su su saka hannu a gudummawar da za a kai wa matalautan Urushalima, wurin da yawancinsu ba su taɓa takawa ba. Kuma da aka tambayi Yesu wane ne maƙwabcina, labarin Basamariye ya bayar, mutumin da ba ƙabilar wanda aka ji wa rauni ba.

Maman Khadija:
Anti Rahila sannu, ya yara ya hanya. Ni akwai abin da nake roƙo tun da an zo nan, masu turo bidiyon gawarwakin yara a grup don Allah ku bari. Na san niyyar mai kyau ce, ana so a girgiza mutane, amma ni da nake ganin irin wannan a wurin aiki na san abin da yake yi wa zuciya, na farko ka yi kuka na biyu ka ce innalillahi na goma ka wuce da yatsa kana cin gyaɗa. Wani bidiyon ma na wata ƙasa ne na shekarun baya aka sake liƙa masa suna. Kuma ɗan wani ne fa, wace uwa ce za ta so a riƙa yawo da hoton ɗanta tsirara a wayoyin mutane.

Ɗalibin Khartoum:
Salam. Ni ina cikin ɗaliban da aka kwaso a 2023, ina karatu a Jami'ar Afirka ta Duniya da ke Khartoum yaƙin ya ritsa da mu, muka fito a motoci zuwa iyakar Masar muka yi zaman jira a rana kafin a bar mu mu tsallaka. Abin da nake so Baban Ummi ya ji, da girmamawa Baba, kalmar nan ta "wata ƙasa" ita ce ban yarda da ita ba a kan Sudan musamman ga mu mutanen Gombe. Nan Burmi kusa da Bajoga Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Yulin 1903 yana kan hanyar hijira zuwa gabas, waɗanda suka tsira suka ci gaba da tafiya tare da ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har suka zauna a bakin kogin Nilu kusa da Sennar a Sudan, garin har yau sunansa Mai Wurno. Ban da su akwai dubban alhazan ƙafa da suka bi ta Chadi za su Makka, guzuri ya ƙare suka tsaya noman auduga a Jazira suka yi aure suka hayayyafa. Ka shiga wasu unguwanni a Wad Madani ko Damazin ko Gadarif ka yi sallama da Hausa a amsa maka da Hausa, wasu da Fulatanci, a kawo maka tuwo da miyar kuka. Wad Madani ɗin nan RSF ta kama shi a Disamban 2023, mutanen da suka gudo can daga Khartoum suka sake ɗaukar yara suka gudu karo na biyu, sai a Janairun 2025 sojoji suka ƙwato shi. Kafin yaƙin ma a 2022 an yi rikicin ƙabilanci a jihar Blue Nile aka kashe Hausawa da yawa a kan maganar ƙasa da sarauta. To cikin yaran da ke kwana a makarantu da tashoshin mota yanzu akwai jikokin mutanen Nafada da Dukku da Bajoga, ba a baki nake faɗa ba.

Baban Ummi, Tudun Hatsi:
Ikon Allah. Kakata ta wajen uwa tana yawan cewa ƙanin babanta ya tafi gabas bai dawo ba, mu muna yara muna ɗauka tatsuniya ce.

Ɗan Pantami:
Yaya na Khartoum na ji daɗin tarihin nan wallahi ban san shi haka ba, amma ka ga mun sake komawa gidan jiya. Sai yaro ya zama Bahaushe ko Bafulatani sannan za mu damu? To yaran ƙabilar Masalit da aka karkashe iyayensu a El-Geneina ta Darfur suka tsallaka Adre a Chadi fa, su wa ke gare su a Gombe? Yaran Rohingya, Musulmin Myanmar, da sama da mutum dubu 700 nasu suka gudu Bangladesh a 2017, har yau suna cikin bukkokin leda, an haifi wasu a can sun girma ba su san wani gida ba, su fa?

Ɗalibin Khartoum:
Ban ce a tsaya a kan namu ba ƙanina. Cewa nake mutum ba ya fara damuwa da miliyan, yana fara damuwa da wanda zai iya kiran sunan garinsu. In ya buɗe hannu saboda Mai Wurno, tukunyar da za a dafa abincin ba ta tambayar ƙabila. A can akwai abin da suke kira takaya, matasan unguwa ne 'yan sa kai suke dafa wake ko fate a manyan tukwane kowa ya zo da kwanonsa, yawanci da kuɗin 'yan Sudan mazauna waje ake yi, kuma da Amurka ta yanke tallafinta a farkon 2025 da yawansu suka rufe. Su waɗannan ba sa duba fuska.

Malam na Bolari:
Assalamu alaikum. Na ga an yi nisa, bari in ɗan sa baki ta fuskar da na sani, Allah ya sa mu dace. Da farko Baban Ummi bai yi kuskure ba a asali. A mazhabarmu ta Malikiyya zakka ana raba ta ne a inda aka fitar da ita ko kusa da nan, kuma sadaka ga dangi lada biyu ce, ta sadaka da ta zumunci. Amma malaman da suka faɗi haka su ne kuma suka ce sai fa in akwai waɗanda suka fi tsananin buƙata a wani wuri, to a nan sai a kai musu mafi yawanta. Kenan ma'aunin ba nisa ba ne kaɗai, har da tsanani. A shekarar yunwa ta zamanin Sayyidina Umar, shekara ta 18 bayan hijira, ai wasiƙa ya aika wa gwamnoninsa, aka turo ayarin abinci daga Sham, babu wanda ya ce Madina ta yi nisa ko mu ma muna da matalauta.

Sannan tambayar Malam Abu Hafsa ta yadda ake motsa mutane, akwai hadisin Jarir a cikin Muslim da ya kamata duk mai neman taimako ya karanta. Wasu mutane daga ƙabilar Mudar suka iso Madina ba takalmi ba suturar kirki, fuskar Annabi sallallahu alaihi wa sallam ta sauya saboda halin da ya gan su, ya sa Bilal ya kira salla, bayan an idar ya miƙe, kuma ayar da ya fara da ita ita ce farkon Suratun Nisa'i, wadda ke cewa an halicce ku daga rai guda. Ku lura bai zagi kowa ba, bai ce ku marowata ne ba. Ya ce mutum ya bayar daga dinarinsa, daga dirhaminsa, daga tufarsa, daga mudun alkamarsa, ko da tsagin dabino ne. Wani mutumin Madina ya fara kawo jakar da hannunsa ya kusa kasa ɗauka, sai mutane suka biyo baya har aka yi tsibi biyu na abinci da tufafi. Abu uku nake gani a nan, shi mai kiran abin ya dame shi da gaske har ya nuna a fuskarsa, ya saukar da abin ƙasa yadda talaka ba zai ji kunyar kawo nasa ba, kuma aka samu wanda ya fara a gaban jama'a. Mu kuwa sanarwar minti ɗaya muke yi tsakanin cigiyar akuya da ɗaurin aure.

Abu Hafsa, Jekadafari:
Allah gafarta Malam wannan ta ƙarshen ta same ni, don wallahi haka aka yi, bayan sanarwar ɗaurin aure aka faɗa.

Hajiya Yaya, Tumfure:
Ku yi haƙuri duk kun yi magana mai kyau amma ba wanda ya taɓo abin da ya hana ni da ƙawayena bayarwa, wato amana. An taɓa turo mana lambar akawun a wani grup na mata wai ta marayun Gaza, muka yi karo-karo har da masu cire kuɗin adashi, daga baya ko rasit ba mu gani ba, mai lambar ya kashe waya. Tun daga nan in na ga an ce a tura akawun ɗin mutum ɗaya sai in ce Allah ya ba da sa'a. Ni ba rowa ce ta hana ni ba, ina so in san ta wace hanya naira ta za ta tashi daga Gombe ta zama abinci a bakin yaro a Darfur, alhali ko manyan motocin Majalisar Ɗinkin Duniya tare su ake yi a hanya.

Maman Khadija:
Hajiya kin yi gaskiya. Shawarata kar a tura ta akawun ɗin kowa komai tsawon gemunsa. A bi ƙungiyoyin da aka san suna da ma'aikata a can, UNICEF ko MSF ko Islamic Relief ko ƙungiyar Red Crescent, a shiga shafinsu na ainihi a biya a fito da rasit a liƙa a allon masallaci kowa ya gani. In za a bi ta takaya ɗin da ɗalibinmu ya faɗa to sai da mutumin da aka sani ido da ido, kuma mutum uku su sa hannu.

Baban Ummi, Tudun Hatsi:
To ni ga sharaɗina tun da Malam ya yi bayani. Ba zan yarda a kwashe duka a kai waje ba muna kallon na ƙofar gida. A raba, kaso ɗaya ya tsaya nan a sayi hatsi, ni zan bayar a farashin sari ba riba, a kai wa matan da Maman Khadija ta san 'ya'yansu na kwance, ɗaya kason ya tafi Sudan. In an yi haka buhun gero ɗaya daga wajena, a sayar a saka kuɗin a na Sudan ɗin, saboda ƙanin kakan nan namu.

Ɗan Pantami:
Baba Allah ya ƙara arziki, amma ni fa har yanzu ina kan bakana, ranar da za a yi alƙunutu a ambaci Sudan da Yemen da sunansu kamar yadda ake ambaton Falasɗinu. Yaran islamiyya ma a gaya musu, su ba kuɗi ake nema a wajensu ba, su dai san akwai sa'anninsu da shekara biyu ko fiye ba su shiga aji ba.

Anti Rahila, Kaltungo:
Ni zan kai maganar zumuntar mata ranar Alhamis. Sai dai ban yi alkawarin za su yarda a haɗa kuɗin wuri ɗaya da na masallaci ba, kun san halin mutanenmu duka ɓangarorin, wataƙila kowa ya tara nasa mu haɗu a wajen rasit. Ɗalibin Khartoum in ba damuwa ka rubuto mini tarihin nan na Burmi a taƙaice, da sunayen garuruwan, don in na faɗa da baki zan cakuɗa su.

Malam na Bolari:
Batun rabon kaso a bar shi sai an zauna, don in kuɗin zakka ne hukuncinsa daban in sadaka ce ta ganin dama daban, kar a haɗa su a jaka ɗaya. Huɗuba kuma zan yi wa liman magana a ba ta Juma'a guda cikakkiya, kuma ina so ɗalibin nan ya tsaya bayan salla ya yi wa mutane bayani da bakinsa.

Ɗalibin Khartoum:
Allah gafarta Malam ni ban iya magana a gaban jama'a ba wallahi, muryata rawa take.

Hajiya Yaya, Tumfure:
Ta yi rawar, ai ba waƙa za ka yi ba. Ni dai a sa mace a cikin masu sa hannun nan uku.

Abu Hafsa, Jekadafari:
An gama, Hajiya ke ce ma. Zama ranar Laraba bayan isha'i a barandar masallaci, Baban Ummi ka taho da farashin gero da na masara na wannan makon, Maman Khadija in kina aikin dare ki turo wani da sunayen unguwannin kawai, ban da sunayen matan.